Uwar Agwagi Za Ta Ajiye Tsintsiya

Kafin likita ya iso asibitin dabbobi, ita ta riga ta share tsakar gida, ta wanke kejin karnuka, ta canza ruwan kwatamin da ke bayan ɗakin magani. Daga nan sai ta kifa bokiti ta zauna, ta zuba wa agwagi ido. Shekara ashirin da takwas ke nan tana haka. A takardar aiki, mai shara ce. A bakin jama'a kuwa, Uwar Agwagi.

Ba ta yi karatun dabbobi ba, tambaya ce ta yi mata yawa. Me ya sa toro ke gyaɗa kai sama da ƙasa, macen ta mayar masa? Me ya sa macen ke miƙe wuya ta baje a kan ruwa? Ta tambayi likitan da ta fara aiki da shi, ya ce shi kam shanu ya fi sani. Sai ta koma ga agwagin, ta yi ta kallo har suka ba ta amsa.

Wata safiya wani tela ya shigo da kwando, 'yarsa mai shekara goma tana biye da shi, idanunta sun yi ja. Agwagi uku ne a ciki, yarinyar ce ta raine su tun suna tsaki.

"Inna, duba min wannan mugun," in ji tela. "Kullum sai ya cafki ƙeyar 'yar'uwarsa ya danna ta cikin ruwa. Har wuƙa na wasa, yarinyar nan ta ce sai mun tambaya."

"Watansu nawa?"

"Biyar," in ji yarinyar. "Da can tare suke kwana, ba sa faɗa."

Uwar Agwagi ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana sauraro. Biyu muryarsu a shaƙe, alamar maza ne, ɗaya kuwa ta cika wurin da ƙara, ita ce macen. Ta shafa ƙeyar mai ƙarar, ta ga gashi ya tuje, fata ta yi ja. Ta kalli uban, ta kalli 'yar, tana neman yadda za ta faɗi gaskiya ba tare da ta ba uba kunya a gaban 'yarsa ba.

"Zo nan, 'yata. Mu yi shiru mu gani."

Ta saki macen da toro ɗaya a kwatami. Can sai toron ya fara gyaɗa kai. Macen ta mayar.

"Kin gani? Shi ya nema, ita ta amsa. Ba ƙiyayya ba ce, girma ne ya zo musu, ƙwai ya kusa. Ƙeyar da yake kamawa, don kada ya zame ne."

Tela ya sosa kai. "Ashe na kusa yanka mai gaskiya."

"Kada ka yi saurin wanke shi, Malam. Maza biyu ne a kan mace ɗaya, ba ta samun hutu. In aka bar su haka, wata rana a cikin ruwan za ku tsince ta. Ku ware ta har ciwon ya warke, ku rage zurfin ruwa, sannan ko ku ba da toro ɗaya ko ku ƙaro mata."

"Ikon Allah! Na zo rage baki, an ce in ƙara."

Yarinyar ta yi dariya, hawaye bai gama bushewa ba. Bayan wata guda ta dawo da ƙwai ɗaya a cikin ƙyallen shagon babanta, ta ce na farko ne, na Inna ne. Uwar Agwagi ta karɓa hannu bibbiyu.

Inna, ke ce likitoci matasa ke leƙowa su ce, "Zo ki gani mana," kuma ba ki taɓa yi musu gori ba. Ke ce mai cewa "ban sani ba tukuna" ba tare da jin nauyi ba. Ko a makon jiya an ji kina tambayar sabon likita dalilin da ya sa mata biyu ke gyaɗa wa juna kai alhali babu toro a kusa. Ya ce zai duba littafi, kika ce ke ma za ki ci gaba da duba naki.

Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki. Mun gode, mai idon haƙuri. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa ki huta cikin jikokinki.

Mu kuma da muka saba yanke hukunci tun daga bakin ƙofa, mu koyi tsayawa mu duba. Ba a rasa wanda muka wasa wa wuƙa don kawai ba mu fahimce shi ba.