Tsohon Gwadar

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wani tsoho da na yi jinya a Doha lokacin korona ba. Ina aikin nas a wani asibiti aka kawo shi, numfashi na yi masa wuya. Mutumin Balucistan ne, lardin Fakistan da ke bakin teku, ya tsufa yana tuƙin mota a Ƙatar. Da guntun Larabcinmu muke fahimtar juna.

An hana dangi shigowa, don haka ni ce abokiyar hirarsa. Wata safiya ya ari birona ya zana mini garinsu, Gwadar, a bayan kwalin magani: dogon dutse ya kutsa cikin teku kamar guduma, kwale-kwalen masunta hagu da dama, bayan gari kuwa busassun tsaunuka.

"'Yata," ya ce, "a ƙarƙashin Sarkin Oman aka haife ni. Ina yaro aka sayar wa Fakistan garin. Ba wanda ya tambayi babana. Ya fita kamun kifi, ya dawo ya tarar an sauya tuta."

Ya ce yanzu an gina babbar tashar jiragen ruwa, an matsar da masunta gefe, amma can yake so a binne shi, kusa da mahaifiyarsa. Ya kama hannuna. "Akwai saƙon da za ki ba ɗana."

Tsoro ya kama ni, don na riga na ga hoton huhunsa. Na ce, "Haba Baba, khalas, bar wannan magana! Da bakinka za ka gaya masa, in Allah ya yarda." Ya dube ni, ya yi murmushi, ya saki hannuna. A lokacin na ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake yi.

Washegari aka sa masa na'urar numfashi, bai sake magana ba. Bayan kwana shida ya rasu. Jirage ba sa tashi, a Doha aka binne shi.

Ɗansa ya kira ni daga Gwadar. Ashe sun shekara bakwai ba sa magana.

"Ya bar mini wata kalma?" ya tambaya.

Na ce, "Ya so ya bari."

Sai ya yi mini godiya. Godiyar nan ta fi zagi ciwo.

Tun daga ranar, idan marar lafiya ya ce yana da magana, ba na rufe masa baki da lallashi. Kujera nake jawowa in zauna.