Ranar da ɗiyata ta ce mini a'a

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Biafra ta Treichville, a birnin Abidjan, a gidan haya irin mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, aka taɓa ɗora ni kan kujerar alƙali. Ni da sai da na yaye autana sannan na koyi rubuta sunana a ajin manya. Ku yi dariyarku, ni ma har yau in na tuna sai na yi.

Sanadin ɗiyata ce ta fari. Ta gama karatun shari'a a jami'a, tana son zama lauya, wanda a nan ake ce wa aboka. Da maƙwabciyata ta ji, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Duk shekarun nan da yarinya ta kwashe, ashe piya za ta zama?" Don a Faransanci sunan lauya da sunan piya ɗaya ne. To amma ba a shiga aikin sai an ci wata jarrabawa mai hawa biyu. Da farko rubutu. Wanda ya haye rubutu sai ya je abin da suke kira oral, ya tsaya shi kaɗai gaban manyan alƙalai da tsofaffin lauyoyi, su yi ta jefo masa tambaya yana amsawa da baki.

Shekarar farko ta ci rubutu, ta faɗi a oral. Ta dawo gida ta shige ɗaki. Mahaifinta yana da shago a bayan Adjamé Mairie, yana shigo da takalma da kayan fata daga gida Najeriya. Ya ce ya ba ta shekara ɗaya ta sake gwadawa. In ba a dace ba, ta zo shago ta riƙe masa takardun duwan, wato kwastan, don ya gaji da 'yan tsakani. Ba mugunta ba ce, yana buƙatarta da gaske. Sai dai na san shagon nan. Wanda ya shige shi, sai tsufa ya fito da shi.

Dole in faɗa muku yadda muke da ita, don yaran yanzu ba lallai su gane ba. 'Yar fari ce. Ba na faɗin sunanta, ba na zama hira da ita, ba na yabonta a gaban mutane. In zan kira ta, "ke" ce. Da a gida muke, kakarta ce za ta ɗauke ta tun yaye. A Abidjan ba ni da uwa ba ni da uwar miji, sai na raine ta da hannuna, amma kunyar na riƙe ta gam, kamar ita ce kaɗai abin da na taho da shi daga garinmu. Na koya mata durƙusawa, na koya mata sunkuyar da kai in babba yana magana. In babba ya ce fari baƙi ne, ki ce to. Ta kuwa koya, har mutanen unguwa suna kwatance da ita.

A shekara ta biyu sai ta haɗu da wasu 'yan ajinsu biyu suna bita tare. Ɗaya 'yar ƙabilar Bawule ce daga Belleville, gajeriya, muryarta ta fi jikinta. Ɗayan ɗan ƙabilar Jula ne daga Adjamé, dogo siriri da tabarau, kullum yana rungume da tarin tsofaffin tambayoyi da ya roƙo wajen waɗanda suka riga su. Gidan 'yar Bawulen yana jikin mashaya, kiɗa ba ya barin su, shi kuma ɗakinsu cike yake da ƙanne. Sai suka mai da ƙofar ɗakina makaranta kowace Lahadi bayan azahar. Ina soya musu aloko, wato ayabar agada, ina sauraro ba na gane komai. Abin da na gane ɗaya ne: in musu ya kaure, muryar ɗiyata ce a sama. Har mamaki nake, ashe tana da murya haka.

Su ukun duka suka ci rubutu. Saura oral.

Wata Lahadi na aiki ɗiyata sayo gawayi, sai 'yar Bawulen ta jawo kujera kusa da ni. Da Faransancin kasuwa da Julanci muke hira da su.

"Tanti, kin san abin da ya kayar da ɗiyarki bara?"

Na ce ban sani ba.

"Furfura ce. Ta ba da amsa daidai. Wani tsoho a cikinsu ya ce mata ta yi kuskure, don ya gwada ta kawai, haka suke yi wa kowa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta ce masa gaskiyarsa ce, ya yi haƙuri. Lauyan da zai ba alƙali haƙuri a kan gaskiya, wa zai ba shi shari'arsa?"

Ɗan Julan ya ce, "Mun yi iya yinmu, Tanti. Har hoda na shafa a kai na zama tsoho. Dariya ta yi, ta wanke ni tas."

"Tsoho na gaske muke nema," in ji yarinyar. "Wanda ta fi jin nauyinsa a duniya."

Sai suka zuba mini ido. Na waiga bayana, ba kowa sai turmi.

Na ce musu ba zai yiwu ba. Na yi ƙoƙarin yi musu bayanin kunyar ɗan fari. Ɗan Julan ya ɗan gane, ya ce kakarsa ma tana da irin wannan. 'Yar Bawulen kuwa ta buɗe baki ta ce, "Ke kika haife ta, kuma ke kike ɓuya mata? Tanti, ku Hausawa kuna da aiki!" Na yi dariya, amma maganar shago ta tsaya mini a rai. Kafin Lahadi ta zagayo na aika musu cewa na yarda.

Suka fito da teburin guga, suka lulluɓe shi da atamfata, suka ɗauko kujerar mahaifinta suka ajiye a tsakiya. Ni a kai, su biyu dama da hagu. Yaron ya ɗora mini tabaransa wai in ƙara kwarjini, tsakar gida ta juya mini, na ce ya karɓi abinsa kafin alƙali ya faɗi ƙasa. Sai aka zo kan kiran suna, don wai shugaba ne yake kiran mai jarrabawa. Nan na kafe. Aka yi ta ja, can yaron ya ce to in ce madamazal kawai. Na ji sanyi. Karo na farko ke nan da Faransanci ya yi mini rana.

Aikina ba shi da yawa. Su za su yi tambaya, ita ta amsa, in 'yar Bawulen ta taɓa ƙafata a ƙarƙashin tebur sai in kalli ɗiyata ido cikin ido in ce mata ta yi kuskure. Suka koya mini kalmomin. Abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, "Madamazal, bu bu turumpe." Matan gidan da ke wanki a bakin famfo suka kwashe da dariya, yara suka kama rera shi kamar waƙa.

Ɗiyata ba ta yi dariya ba. Ta fito ta tsaya gaban tebur, hannu a haɗe, ido a kan silifas ɗinta. Aka yi tambaya, ta amsa wa silifas. Aka taɓa ƙafata, na faɗi abina.

Ta ce, "To, Inna."

'Yar Bawulen ta buga tebur. "Wace Inna? Ba Inna a nan! Ɗago kai, 'yar'uwa, kuɗinki ne ya faɗi a ƙasa?"

Haka muka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi. Gaskiyar magana, ba ita kaɗai ce mai kallon ƙasa ba. In ta ɗan ɗago, ni sai in koma gyara bakin atamfa. Yaron ya ce bai taɓa ganin kotun da alƙali da lauya suke wasan ɓuya ba. Amma ba su gaji ba. Su ma oral ɗin nan yana gabansu, suna da nasu karatun, amma su hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, su zo su ƙarar da yammacinsu a kan wuyan ɗiyata da ya ƙi miƙewa.

Lahadin ƙarshe kafin oral, an yi zafi ƙwarai. Aka yi mata wata doguwar tambaya, ta amsa tiryan-tiryan, har na ga yaron yana gyaɗa kai. Aka taɓa ƙafata. Na faɗa. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe. Hawaye ya ɗiga a kan silifas.

Tausayinta ya kama ni. Na manta da tebur, na manta da madamazal. Na juya wajen abokanta, da Hausa ma na yi maganar don ban tsaya neman wani yare ba. Na ce, "Ku ƙyale ta haka nan, kun wahala ta wahala. Aikin nan ba irin namu ba ne, na masu buɗaɗɗen ido ne. Ta je ta taimaki ubanta, shi ma aiki ne."

Har ga Allah da zuciya ɗaya na faɗa. Ina ganin sauƙi nake nema mata.

"A'a, Inna."

Ban san muryar ba sai da na juyo. Kanta a ɗage, idonta a cikin nawa.

"A'a. Aikinmu ne. Ranar da mai gidan hayar nan ya watsa wa tsohuwar ɗakin ƙarshe kayanta waje, ba takarda ba komai, me kika ce mana? Kika ce mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa. Ba shi da iko, Inna, doka ta hana, ni na sani, ina tsaye ina kallo na yi shiru. Kullum haƙuri, kullum to. Kuma amsata daidai ce! Tun ranar farko daidai nake faɗa. Ke ko jin abin da nake cewa ba kya yi, kike ce mini turumpe!"

Hausarta ba ta da yawa, rabi ta ƙarasa da Faransanci, amma ba abin da ya wuce ni. Masu wanki suka tsaya cak. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Idon mahaifina na gani, sak, har ɗan jan da yake yi in ransa ya ɓaci. Yarinya ta girma a ɗakina, ban san tana ɗauke da idon mahaifina ba. Ni na fara kau da kai.

'Yar Bawulen ta daka tsalle ta rungume ta. Yaron ya tambayi wata mai wanki abin da na ce, da aka fassara masa sai ya kama hannuna biyu yana girgizawa. "Tanti, ke ce shugabar kotu ta gaske! Wannan dabara ko mu ba mu yi tunaninta ba!" Na ce masa to. Me zan ce?

Da suka tafi ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce in yafe mata. Na ce ta tashi ta sauke mini tukunya kafin ta ƙone. Iyakar abin da muka ce ke nan.

Ranar oral ban raka ta ba, na zauna gida da carbina. Daga baya abokanta suka ba ni labari cewa an sake yi mata irin ta bara, wani dattijo ya girgiza kai ya ce ba haka ba ne. Ta ce masa tana girmama shi, amma tana nan a kan bakanta, ta kawo masa hujja. Da sakamako ya fito, ita da 'yar Bawulen sun ci. Yaron bai samu ba sai shekara ta gaba, kuma su biyun nan suka zauna masa kamar yadda ya zauna musu, a kan teburin gugan nan dai. Mahaifinta da ya ji, ya ce, "To ni wa zai riƙe mini takardu?" Washegari kuma ba shagon da bai shiga ba a layinsu yana ba da labari.

Ba zan ɓoye muku ba, a'ar nan ta yi mini zafi. Na kwana biyu ina jin ta a ƙirji. Ban yi nadamar tarbiyyar da na ba ta ba, har gobe tana durƙusa wa manya kuma ina jin daɗi. Abin da na gane dai, na haɗa mata girmama babba da yin shiru a kan gaskiya na ɗinke su wuri ɗaya, don ni ma haka aka ba ni. Yaran mutane biyu, ba danginmu ba, ba yarenmu ba, su suka zauna da haƙuri suna warware ɗinkin. Allah ya saka musu.

'Yar Bawulen nan yanzu babbar mace ce, ita ma ta fara furfura. In ta kawo mini ziyara da baƙi, sai ta nuna ni ta ce, "Ga Tantin da ta yi mana dabarar da ta ceci ƙawata." In yi murmushi in ce Allah ne. Ɗiyata tana zaune a gefe, ba ta taɓa gyara mata ba. Ita kuwa ta san ba dabara ba ce, don ita ce ta kalli cikin idona ranar.