Marsandin Sammani da Ruwan Farko

Baba Sammani ɗan gidan dukawa ne, daga wani lungu da ke bayan Ƙofar Kaura. Kakansa ɗinkin sirdi da takalma ya yi har ya mutu, ubansa ma haka, yayyensa duk da basilla a hannu suka tashi. Shi kaɗai ya bauɗe ya bi mota. Tun yana saurayi ya samu aikin wanke mota a gidan wani likita Bature a GRA. Baƙar Marsandi ce mai zagayayyen baya, kujerunta na jar fata. A cikinta ya koyi tuƙi, a cikinta ya fara ganin Kano. Da likitan ya koma ƙasarsu motar ta shiga hannu ta fita hannu, shi kuwa Sammani ya zama direban gwamnati, ya auri Safara'u, suka samu ɗiyarsu ta fari, Sabuwa.

A shekarun da kuɗin fetur suka fara zubowa, kowa a Katsina sabuwar mota yake zance. Malaman makaranta ma sun ajiye kekuna. Wata rana Sammani ya kai maigidansa gaisuwa wani gida a GRA, sai ya hango Marsandin nan can bayan ɗakin kuku, ba taya ko ɗaya, kaji na ƙwai a kujerar baya. Tun daga nesa ya gane ta. Mai gidan ya ce in yana so ya kwashe, ya ma rage masa shara.

Ya nemo tsofaffin tayoyi ya ɗaura, ya fasa katangar gidansa ta baya, samarin unguwa suka tura ta har gindin bedin da ke tsakar gida, sannan ya toshe gurbin da zana. Tun daga ranar hankalin Safara'u bai kwanta ba. Ba motar ta tsana ba. Abin da ba ta iya kallo shi ne ƙafafun mijinta sun leƙo daga ƙarƙashin wannan uban ƙarfe, sauran jikinsa duk yana ciki. Ranar da jak ya goce motar ta yi girgiza, ko da yake ba abin da ya same shi, sai ta yafa mayafi ta tafi wurin Kawu Almu, ƙanen mahaifinsa, wanda ba a tsallake maganarsa a dangi. Kawu ya kira Sammani ya ce masa, "Ba ni hana ka sana'ar da ka zaɓa. Amma in yarinyar nan ta sake zo mani da kuka, motar ta bar gidan ke nan." Daga nan Sammani ya koyi yin shiru. Duk abin da ke da haɗari a aikin, sai ya bar shi a cikinsa.

Da inji ya fara. Ya rataya igiya a reshen bedi, maƙwabta suka kama masa aka sauke shi. Duk yammacin da ya taso aiki da duk Lahadi yana zaune kan tabarma, yana kwance shi gunduwa-gunduwa, yana wankewa da kananzir a tsohuwar tasa. Ya sake ringi, ya goge bawul da hannu har tafinsa ya yi kanta. Wata rana Safara'u ta watsar da ruwan wanke-wanke, ya fantsama kan kayan da ya jera, da safe suka tashi da jan tsatsa. Sammani ba mai faɗa ba ne, amma ranar ya yi. "Ruwa shi ke kashe ƙarfe, Safara'u. Ko ɗigo kada ki bari ya taɓa mani kayan nan." Ta riƙe wannan maganar sosai, fiye da yadda ya yi zato.

Injin ya tashi a ƙarshen sanyi. Ya yi tari, ya yi tari, ya tumbuɗo hayaƙi har kajin maƙwabta suka watse, sannan ya daidaita yana gurnani a hankali kamar yadda Sammani ya san shi tun yana saurayi. Saura ƙafafu. Sifirin ɗin gaba da ke ɗauke da nauyin motar duk biyun sun saki, motar ta duƙa kamar mai ruku'u. Ya samo wasu masu kyau a Kano, manya, naɗaɗɗun ƙarfe masu kaurin babban yatsa. Sai dai ba su shiga mazauninsu sai an matse su sun gajarce, kuma akwai ƙarfen da ake matse su da shi, wanda a saninsa abokinsa Babaji bakanike ne kaɗai ke da shi.

"Ƙarfen yana Funtuwa, an ara," in ji Babaji, yana goge hannu. "Ka jira ya dawo. Kai da ka jira wagga tsohuwa shekara da shekaru, mi ne ne sati kaɗan?"

"Kai dai ka ce sababbin motoci sun ɗauke maka hankali."

"Sun ɗauke, su ke ciyar da ni. Amma ka ji, Baduku, kada ka yi mashi dabarar gida. Wannan abin in ya ƙwace, ba ya tambayar sunan uban mutum. Na ga wanda ya cire wa haɓa."

Sammani ya yi dariya ya tafi, amma kalmar Baduku ta bi shi har gida. Ai kuwa ya san wani abu da Babaji bai sani ba. A gidansu in ana son ɗauri wanda ba ya kwancewa, ɗanyar fatar sa ake yankawa siri-siri, a jiƙa ta, a ɗaure da ita tana laushi. In ta sha rana sai ta tsuke ta yi tauri kamar ƙashi. Ya karɓo fata wurin yayyensa. Ya sa sifirin tsakanin jak da ƙasan motar, ya lafta buhunan yashi a kan motar don ta ƙara nauyi, ya dinga buga jak yana salati har ƙarfen ya tsuguna ya koma kusan rabinsa. Ya naɗe shi da jiƙaƙƙiyar fata ta kowane gefe, ya bar shi a matse har ta bushe. Da ya sauke jak, ɗaurin ko gezau. Ya yi wa na biyun haka. Ya jingina su a katanga inda rana ta fi bugawa, don su ƙara tauri kafin Lahadi ya ɗaura su. Ya san sarai ruwa ne kaɗai ke sassauta irin wannan ɗauri, amma ana tsakiyar bazara, manoma ko sharar gona ba su gama ba. Safara'u ta tambaye shi mene ne waɗannan, ya ce kayan ƙafar mota ne, bai ƙara ba.

Ranar Alhamis bayan azahar yana zaune a inuwa a ƙofar ofis, maigidansa na ciki ana taro. Zafi ya yi zafi, iska ta tsaya cik. Sai maigadi ya nuna gabas da haɓa ya ce, "Ikon Allah, dubi abin da ya taso." Sammani ya ɗaga kai ya ga hadari baƙi ƙirin ya haɗo tun daga ƙasa. Da farko murna ya yi kamar kowa. Sai ya tuna sifirin da ya jingina a katanga.

Ba jiƙewar sifirin ta fi tsorata shi ba. In sun ƙwace a fili, iyakarta su fasa randa. Safara'u ya tuna. Ya san ta, ya san abin da kowace mace a garin ke yi in hadari ya taso: a kwashe shanya, a kwashe hatsi, a jera bokitai a bakin indararo, duk abin da ruwa zai ɓata a shige da shi ɗaki. Kuma shi da bakinsa ya ce mata ko ɗigo kada ya taɓa ƙarfensa.

Ya miƙa wa maigadi makullin motar ofis. "In Alhaji ya fito ka ce mashi gida ba lafiya. Ara mani kekenka."

"Wa ya aiko maka? Ban ga kowa ba."

"Keken, Malam, don Allah."

Kafin ya fita GRA iska ta taso tana tura shi baya. Yana isa babban titi ruwan ya sauko, manyan ɗigo masu zafi a fuska, can kuma ya ɓarke gaba ɗaya. Yara sun fito tsirara suna tsalle, mutane a rumfuna suna ta hamdala, wani ma ya ɗaga masa hannu yana dariya. Shi kuwa lissafi yake: fata siririya ce, ba ta daɗewa ba ta sha ruwa ba. Wataƙila ta kwashe su tun kafin ruwan, suna bushe. Wataƙila ta bar su. Ya roƙi Allah ya sa yau kaɗai ta yi masa rashin biyayya. Sarƙar keken ta zame a bakin lungu, ya yar da shi nan ya ƙarasa da gudu.

Tsakar gidan fes. Ba shanya, ba tabarma, bokitai na cika a bakin indararo, an lulluɓe injin da buhu. Jikin katanga kuwa ba komai.

Ya tsaya a ƙofar ɗaki ruwa na zuba daga rigarsa. Safara'u na zaune a bakin gado tana shayar da Sabuwa, kanta a jiƙe. Sifirin ɗaya na kwance a bayan ƙofa. Ɗayan na tsaye a gindin gadon, bai fi taki guda da ƙafarta ba, ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, fatar da ta kasance ruwan ƙasa ta koma fari-fari ta kumbura.

"Malam, lafiya da wannan ruwa?" ta ce. "Ka yi haƙuri, ɗayan ya jiƙe kafin in kai gare shi, gero na fara kwashewa. Amma na goge shi da tsumma."

A cikin ƙarar ruwa kan kwano ya ji wani ƙaramin sauti, ƙis, kamar an taka busasshen kara. Ya duba ya ga ɗaurin gefe guda ya ja baya, ƙarfen ya fara karkata.

"Safara'u," ya ce a hankali. "Kada ki motsa ƙafarki. Riƙe ɗiyar da kyau."

"Mi ya faru? Maciji ne?"

"Ba maciji ba ne. Ki miƙe a sannu, ki bi ta jikin bango. Kada zanenki ya taɓa abin nan."

Ta kalli sifirin, ta kalle shi. Bai taɓa ganin fuskarta ta sake haka ba. Ta ƙanƙame ɗiyar, ba ta tashi ba. Sai ya shiga. Ya taka kamar mai tafiya kan ƙaya, ya ratsa ya tsaya tsakaninta da ƙarfen, ya ba shi baya, yana jin sanyinsa a ƙwaurinsa ko da yake bai taɓa shi ba. Ya kama damtsenta ya ɗaga ta. Sabuwa ta saki nono ta fara kuka. Wani ƙis ɗin ya sake fita, ya fi na farko ƙarfi. Ya tura su gaba, taki ɗaya, taki biyu, suka wuce na bayan ƙofa, suka fita cikin ruwa. Bai tsaya ba sai da ya kai su bayan motar ya durƙusar da su.

Suka jira. Ruwa na ta dukansu. Har Sammani ya fara tunanin ko ɗaurin zai riƙe, sai suka ji ƙara kamar an harba bindigar toka a cikin ɗakin, kwanukan jerenta suka biyo baya suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙura ta fito ta ƙofa.

Da ruwan ya tsagaita ya leƙa daga nesa. Ƙafar gadon ƙarfen ta lanƙwashe, daidai inda ta zauna, bango ya yi rami, sifirin na kwance cikin fasassun kwanuka da tsawonsa na asali. Safara'u ta zo ta tsaya a bayansa ta gani.

"Ka san haka yake?" ta ce.

"Na sani."

"A ƙirjina na rungumo shi, Malam, don nauyi. Ɗiyar na goye a bayana. Na ji yana motsi, na ce halan hannuna ne ke rawa."

Sammani ya zauna a cikin taɓo. Ya so ya ce mata tsoron Kawu Almu ne, ya so ya ce bai zaci ruwa ba, ya ga duk maganar ba ta da ƙafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma je wurin Kawu ba. Ta gyara goyonta ta shige madafi ta hura wuta don yarinyar ta ji ɗumi. A nan suka kwana, ba wanda ya sake taka ɗakin sai da Babaji ya zo washegari, ya kife turmi a kan na bayan ƙofar, ya zura doguwar wuƙa ya yanke ɗaurin. Ranar ko tsokana ɗaya bai yi ba.

A satin Sammani ya yaye zanar, ya kira samarin da suka shigo da motar suka tura ta garejin Babaji, ya kwaɓa ƙasa ya maida katangarsa da hannunsa. A can aka ƙarasa ta, ta kuma yi tafiya shekaru masu yawa. Amma bai sake shigo da ko noti cikin gidan ba tare da ya kira Safara'u ya nuna mata, ya gaya mata abin da yake yi da abin da zai iya yi wa mutum ba. Wani lokaci har ta gaji ta ce, "Na ji, Malam, tuwona zai kama." Sai ya ce ta tsaya dai ya gama.