Katin da ke Ƙulle a Bakin Zani

A shagon Ladan mai gyaran waya, daura da kasuwar Arzèkè, wata dattijuwa tana tsaye, ta ƙi kujerar da aka miƙa mata. Ƙafafunta sun yi jawur da ƙurar hanya. Daga garin Djougou ta taso, in ji ta. Da haƙori take kwance ƙullin bakin zaninta. Ɗan katin layin waya ne a ciki, bai kai farce ba.

"Ɗana, juye mini hotunan Awwalu a kwamfutarka, ka wanke mini ko guda ɗaya ne."

Ladan ya tambaye ta ina wayar. An sayar, in ji ta, ranar rabon gadon Awwalu, ɗanta. 'Yan'uwa suna ta ja-in-ja a kan babur, ita katin nan kaɗai ta roƙa, don an ce mata komai na waya a cikinsa yake.

Da alama Awwalu irin 'ya'yan nan ne masu cewa, "Inna, tsaya in ɗauke mu," ita kuwa ta kare fuska da mayafi tana faɗa.

Ladan ya sa katin, ya daɗe yana kallon kwamfutar, ya kasa ɗagowa.

"Inna, lambobi ne kawai. Hoto a cikin waya yake zama."

Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi katin, ta hura masa iska, ta goge shi da mayafi, ta sake miƙa masa da hannu biyu.

"Juya ɗaya gefen, ɗana. Kaset ma gefe biyu gare shi."