Kwalba a Cikin Safar Soja

Babana tsohon soja ne, kuma a duk Zuru ban san wanda ya kai shi taurin kai ba. Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Mutane suna cewa har taurin kan na gada, ni kuwa ban taɓa musawa ba.

Bayan ya yi ritaya ciwon suga ya kama shi. Ya sha ƙwayoyi har suka daina yi masa aiki, sai likita ya mayar da shi kan allurar insulin, safe da yamma. 'Yar kwalba ce da ba ta kai babban yatsana ba, ruwan cikinta fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ma'aikaciyar jinya ta ja mana kunne sosai. Ta ce zafi yana kashe ƙarfin maganin, kuma ba lallai a gane da ido ba, sai dai mutum ya yi ta tsira wa kansa allura suga yana hawa har ya kwantar da shi. Mu ba mu da firij, wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da lemo ita ke da firij da janareta, kuma ita ta riƙa ajiye mana kwalbar a gefen lemonta. Allah Ya saka mata, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓata fuska ba.

A farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauyuka ba. Wata ranar kasuwa wani mutumin ƙauyenmu ya zo da saƙo da baki: yayan Baba, wanda muke kira Baba Babba, yana kwance, ya daina cin abinci, kuma ƙaninsa yake ta tambaya. Ƙauyen yana can bayan Sakaba, cikin duwatsu. Babu wuta, babu asibiti. Ga shi tsakiyar bazara, irin zafin da kaji ke buɗe baki suna haki a inuwa.

Baba ya ce gobe zai tafi, kuma ba zai dawo ba sai ya ga abin da Allah zai yi.

Na ce, "Baba, da wane magani? Ko na zuba ƙanƙara a kula, kafin la'asar ta zama ruwan wanka. Ka je ka kwana nawa? So kake mu yi rashi biyu?"

Ya ce, "Uwata, kin gama?"

Ban gama ba. Na yi ta faɗa har Mama ta jawo ni madafa ta zaunar da ni. A nan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba, ni da na girma a barikin soja, yarenmu ma guntu-guntu nake ji. A al'adar mutanenmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa surukansa noma damina bayan damina. Baba ya fara yi domin Mama, bai kai ko'ina ba ya shiga soja, yaƙi ya tafi da shi. Sai yayansa, wanda ya riga ya gama nasa golmon ya yi aure, ya sake ɗaukar fartanya ya koma gonar kakana, ya yi ta noma a madadin ƙaninsa har aka cika, alhali ba wanda ya san ko ƙanin yana raye.

Mama ta ce, "Da bai yi ba, da an ba wani ni. Da ke ba ki zo duniya ba, balle ki cika mana kunne. Ki bar shi ya tafi."

Na ce to, amma ƙafata ƙafarsa.

Da safe na karɓo kwalbar daga wurin maƙwabciya. Na tarar Baba ya buɗe tsohon akwatinsa na ƙarfe ya ciro safa guda, irin mai kaurin nan ta sojoji, koriya, duk ta koɗe. Ya sa kwalbar a 'yar leda ya ƙulle, ya zura ta cikin safar, ya tsoma a randa ya ɗan matse, ya ɗaure bakin da igiyar takalmi.

Na ce, "Wannan ne firij ɗin?"

Ya ce haka suke yi wa gorar ruwansu a daji. A jiƙa safa, a rataye inda iska ke bugawa, cikin inuwa. Muddin ba ta bushe ba, abin da ke ciki ba zai yi zafi ba. "Kamar randa ce," in ji shi, "sai dai ita tana tafiya."

Muka shiga ƙaramar bas a tasha. Baba ya nemi gefen taga, ɓangaren da rana ba ta bugawa, ya rataye safar a jikin ƙarfen taga. Ni kuma na riƙe galan ɗin ruwa a cinyata, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Ba a jima ba wani mai goro a bayanmu ya ce, "Tsoho, wanki ka yi ba ta bushe ba? Ina 'yar'uwarta?" Mota ta kwashe da dariya. Baba bai ji haushi ba. Ya gaya musu abin da ke ciki, da inda za shi, da dalili. Sai dariyar ta mutu. Mai goron ya ce, "Allah Ya ba da lafiya, Baba. A yi mini aikin gafara."

Bayan mun yi nisa na miƙa hannu na taɓa safar. Wallahi sanyi! Iskar da ke shigowa ta taga zafi gare ta kamar an buɗe tanda, amma ita safar sanyi ƙalau. Na sake taɓawa don in tabbata. Baba yana kallon hanya, ya yi kamar bai gan ni ba.

Hanyar kwana-kwana ce, in ta karkata rana sai ta dawo gefenmu. Karo na farko Baba ya fara kiciniyar kwance igiya, sai wata mata mai goyo a ɗaya gefen ta miƙo hannu ta ce, "Kawo nan, Baba, inuwa ta dawo wajenmu." Aka miƙa safar hannu zuwa hannu ta kan buhuna da kawunan mutane, ta rataye ta a tagarta. Da hanya ta sake juyawa aka maido ta. Daga nan abin ya zama aikin kowa. Direba da kansa in ya hango kwana sai ya ɗaga murya, "Masu safa, rana za ta juya!" Wani ya fasa ledar fiya wata da haƙori ya tsiyaya a kai. Mai goron nan shi ya fi kowa zaƙewa, yana ta taɓawa yana ba da rahoto. Ba wanda ya san sunan wani a motar nan. Na zauna rungume da galan ina kallonsu.

A Sakaba muka sauka muka hau kabu-kabu, mu biyu a babur ɗaya, Baba a tsakiya da safa a rataye a wuyansa ta cikin inuwar babbar hularsa. Nan wahalar ta fara. Iskar babur tana busar da safa nan da nan, sai mun tsaya mun jiƙa. Galan ya yi ta raguwa. Muna cikin daji, duwatsun ƙauyenmu sun fara bayyana, sai tayar baya ta fashe. Mai babur ya ce sai ya tura shi ya koma baya neman mai faci. Baba ya ce mu za mu taka.

Rana tana tsaka. Mai ciwon suga kuwa ƙishirwarsa ba irin ta kowa ba ce. Leɓen Baba ya bushe ya yi fari. Ruwan da ya rage a gindin galan bai fi kurɓa biyu ba. Na miƙa masa na ce ya sha. Ya karɓa, ina kallo ya juye shi kaf a kan safa.

Na fashe da kuka don haushi. Na ce, "Haba Baba! In ka faɗi a nan, safar ce za ta ɗauke ka?"

Ya ce, "In na sha, ƙishirwar yanzu na kashe. In wannan ta mutu, dole gobe ko jibi ki mayar da ni Zuru in bar shi kwance. Taho, Uwata."

Muka yi ta tafiya har muka gangara wani rafi da ya ƙafe, yashi fari tas, ko ɗigon ruwa babu. Baba ya bi shi a hankali yana dube-dube, har inda rafin ya yi gwiwa a gindin wani dutse da itatuwa suka yi wa inuwa. Ya durƙusa ya fara tona da hannu. Na ɗauka rana ce ta taɓa shi. Ya ce in taya shi. Muka tona har hannuna ya shige zuwa gwiwa, yashin ya fara duhu, ya fara sanyi. Ya binne safar a gefen ramin, ya ce mu jira. Ina kallo da idona ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa, a hankali, garai-garai, har ya taru a gindin ramin. Ikon Allah! Tun daga tasha nake lissafin ruwan galan, ashe muna tafe a kan ruwa.

Ya ce a daidai wurin nan suke shayar da awaki suna yara, kuma yayansa ne ya nuna masa. Ya sha, na sha, muka cika galan da murfinsa kaɗan-kaɗan. Ya ciro gyaɗa da ƙuli-ƙuli a aljihu ya ci, ya tono safar ya mayar wuyansa, muka ci gaba.

Mun isa da yamma. Baba Babba yana kwance a kan tabarma cikin ɗakinsa na jinka, ya rame ƙwarai, idanunsa ma sun daina gani sosai. Da ya ji muryar Baba sai ya miƙo hannu yana laluben fuskarsa, hannun ya sauka a kan safar da ke wuyansa. Ya tambaya da yarenmu, mene ne wannan mai sanyi. Baba ya yi masa bayani. Tsohon ya ce a rataye ta a nan kusa da shi, inda iska ke shigowa ta 'yar taga, a ajiye masa ƙwaryar ruwa a gefen hannunsa. Shi zai riƙa jiƙawa.

Matarsa ta ce, mutumin da ba ya iya ɗaga kofi? Ni ma na buɗe baki zan yi magana, Baba ya harare ni.

Baba Babba ya ce, "Na yi masa noma. Jiƙa safa ne zai gagare ni?"

Haka aka yi. Muka ɗaura igiya a jikin itacen rufin, safar ta sauko daidai inda hannunsa zai kai. Mun yi kwanaki a ƙauyen. Ni dai ban yarda ba, ina ta leƙawa da dabara, amma ban taɓa samun safar nan a bushe ba. Baba Babba zai tsoma hannu a ƙwarya, ya ɗago yana rawa, ya lalubo safar ya shafa mata ruwan, ya sake. Wani lokaci rabin ruwan a ƙirjinsa yake zuba. Kunu ma sai an lallashe shi yake kurɓa, amma in ƙwarya ta yi ƙasa shi zai fara kira a ƙaro. Safe da yamma Baba zai zauna a gefensa, ya ciro kwalbar, ya murza ta a tafin hannu, ya ja maganin a sirinji ya yi wa kansa a cinya, sannan ya ci tuwo suna hira da yaren da rabinsa ke wuce ni. Na ji suna dariya irin ta yara, ni ban taɓa jin Baba yana irinta ba.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, zafi ya kori kowa zuwa gindin mangwaro. Baba Babba ya ce wa Baba ya je ya sha iska, shi zai ɗan runtsa. Can na tashi na ɗebo ruwa in ƙara a ƙwarya. Na yi sallama ba a amsa ba. Na same shi kwance yadda aka bar shi, fuskarsa a sake, hannunsa na dama a cikin ƙwaryar. Na kira shi, na taɓa shi. Ya tafi. Ɗakin shiru, ba abin da nake ji sai ɗigar ruwa daga safar, ɗis, ɗis, a kan tabarma.

Na ajiye ruwan, na fita na faɗa musu.

Da yamma gida ya cika da masu kuka. Lokacin allura ya yi, na rasa yadda zan tunkari Baba da maganar. Sai ga shi ya tashi da kansa ya shiga ɗakin, na bi shi. Ya kwance igiyar, ya zaro kwalbar daga safa, ya riƙe ta a hannu yana kallo. Hawaye suna bin gemunsa.

Ya ce, "Uwata, zo ki ji."

Ya ɗora mini ita a kumatu. Har lokacin da sanyinta.