Bangon Inna Mai Ƙyalli

Inna ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma duk kaka sai ta sake wa ɗakinta na Bagega yaɓe, ta yi masa zane tun yana da danshi. Yatsu uku take sawa ta ja layi daga gindin bango, ya lanƙwasa kamar burtalin shanu, ya hau sama ya ɓace. Jar ƙasa a gindi, fara a sama. "Ja nauyi gare shi, ba a aza shi bisa hwari," in ji ta. In ta zana babban zobe a dama, sai ta yi ƙanana biyu a hagu, wai kada bangon ya karkace. Ni da bakina ba ya shiru na ce, to, bango dai ba jaki ba ne balle a daidaita masa kaya. Ta ce in rufe mata baki.

Shekarun da zinari ya buɗe, injinan niƙa dutse suka cika gari, ragowar garin dutsen kuwa tsibi-tsibi ko'ina. Inna ta ga yana walƙiya, ta ɗebo cikin kwano ta gauraya da yaɓenta. Kai, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba! Da hantsi rana kan shigo ta ƙofa, bangon ya kama ƙyalli, layukan su yi kamar suna tafiya. Lokacin na zo ganin gida daga Gummi da ɗiyata mai rarrafe. Sai in kwanta a tabarma in yi ta kallo har in manta inda nake, ita kuwa yarinyar tana dafa bangon tana lasar hannu.

Sai yara suka fara ciwo a gari. Ma'aikatan lafiya suka ce gubar dalma ce a cikin garin dutsen. Wani ya kara na'urarsa a bangon Inna, ya girgiza kai, ya ce dole a kankare.

"Ƙasa ce fa! Mi ƙasa ta yi?" Inna ta tsaya bakin ƙofa ta hana su shiga. Raina ya ɓaci, na ce wallahi in bangon nan ya kwana, ɗiyata ba za ta sake taka ɗakin ba. Na faɗa ina kuka, don ni ma son bangon nake.

Inna ta daɗe tana duban jikarta, sannan ta ɗebo ruwa a tulu, kamar yadda ma'aikatan suka ce a jiƙa bangon don kada ƙura ta tashi. Ta sa na miƙa yarinyar ga maƙwabta.

"Zo ki dube shi da kyau," ta ce. "Hannuna ya fara rawa, ba ni iya sake irinai."

Na tsaya ina kallo, ta fara watsa ruwan, ja da fari suka gangaro tare.