Ɗebewa da Gyaɗar Kaka

Yau ranata ce! Hedimasta ya karanta sakamako, ni na zo na ɗaya a lissafi a elemantarenmu ta Azare. Ina cikin tsalle ƙamshin gyaɗa marau-marau ya doke ni, sai marigayi kakanmu ya faɗo min a rai.

Da gyaɗa ya koya mana ɗebewa, ni da ƙanwata Hajjo, a kan buzunsa. Dokarsa ita ce duk abin da ka ɗebe na bakinka ne. Sai ya jera goma ya ce wa Hajjo, "Amaryata, ɗebe takwas." Ni kuwa, "Kai ƙato, ɗebe ɗaya."

Tana ta ƙarmus-ƙarmus, ina haɗiyar yawu. Ran nan na fashe: "Wallahi Kaka ka fi son ta!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ita ci take, kai lissafi kake. Saura nawa?"

"Tara," na ce, ina kumbure-kumbure.

Har ya rasu bai taɓa ce min in ɗebe takwas ba, kuma har yanzu abin yana ci na. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, in mun haɗu a Aljanna Kaka ya fara kiran sunana kafin na Hajjo.